Shekara ashirin ko shekara biyu: shaidar da ƙasar Abusir ta bayar kan mulkin Fir'auna Neferefre

Duk wanda ya je Abusir, maƙabartar sarakunan da ke tsakanin Giza da Sakkara a ƙasar Masar, yana iya wuce kabarin Neferefre ba tare da ya san dala ce aka fara ginawa ba. Abin da ke wurin wani dandamali ne mai kusurwa huɗu, tsayinsa bai wuce mita 7 ba, alhali dalar mahaifinsa Neferirkare tana tsaye a kusa da shi kamar tsauni. Neferefre yana cikin sarakunan gidan sarauta na biyar, ya yi mulki wajen shekara 2,450 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an daɗe ana saɓani kan tsawon zamaninsa.

Tushen saɓanin shi ne Maneto, malamin addinin Masarawa da ya tattara jerin sarakunansu da harshen Girka a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya ba wannan sarki shekara 20. Ra'ayina shi ne wannan adadi bai kamata a ci gaba da jera shi kafaɗa da kafaɗa da abin da aka tono ba, domin tsakanin Maneto da Neferefre akwai fiye da shekara 2,000, kuma rubutun nasa ma bai iso gare mu kai tsaye ba, sai ta hannun waɗanda suka kwafa daga baya. Jerin sarakunan da ke ajiye a birnin Turin na Italiya ya fi shi tsufa, amma layin da ya shafi wannan sarki ya lalace.

Masu haƙar kayan tarihi na Jami'ar Charles ta birnin Prag, ƙarƙashin Miroslav Verner, su ne suka duƙufa a wurin tun daga shekarun 1970, bayan Bajamushe Ludwig Borchardt ya ɗan taɓa shi a farkon ƙarni na 20 ya bar shi. Abin da suka samu shaidu ne uku, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce ginin kansa. Hawa na farko na cikin dalar kaɗai aka kammala. Da sarki ya mutu, al'ada ta ba da kimanin kwana 70 na shirya gawa, don haka magina suka cike tsakiyar da tarkacen dutse, suka daidaita saman, suka lulluɓe gefen da farin dutse, suka yi ɗan ɗakin bauta cikin gaggawa a gabas. Masu hidimar wurin da kansu ba su kira shi dala ba a takardunsu, tudu suke ce masa. Sarkin da ya yi shekara 20 a zamanin da dala ita ce babban aikin kowace sarauta ba zai tafi ya bar harsashi kawai ba.

Ta biyu ita ce gawar. A ɗakin binnewa, cikin ɓaraguzan akwatin jan dutse da ɓarayi suka farfasa, an tsinci guntayen jiki, har da hannun hagu, kuma binciken ƙasusuwan ya nuna saurayi ne mai shekara 20 zuwa 23. A nan sai an yi adalci: wannan shaida ita kaɗai ba ta isa ta ƙaryata Maneto ba, domin Masar ta ga yara a kan karaga, kamar Pepi na biyu da aka ce ya hau yana ɗan shekara 6. Mai gardama zai iya cewa Neferefre ya hau mulki yana jariri.

Abin da ya toshe wannan kafa shi ne shaida ta uku, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a ido kuma mafi nauyi a wurina. A jikin wani dutse da ke cikin ginin, wani magini ya rubuta kwanan wata, shekarar ƙidayar shanu ta farko. Masarawan wancan zamani da ƙidayar dabbobi ta haraji suke lissafin shekarun sarki, kuma yawanci duk shekara biyu ake yin ta, wanda ke nufin dutsen an ɗora shi a shekara ta farko ko ta biyu ta mulkin, ga shi kuma aiki bai yi nisa ba bayan haka ya tsaya. Maginin nan ba tarihi yake rubutawa ba, ba kuma kirari yake yi wa kowa ba. Alama ce ta aiki wadda aka san wani dutse zai rufe ta har abada, saboda haka ba shi da dalilin ƙari ko ragi. Idan aka haɗa ukun, mulkin bai wuce shekara 2 ko 3 ba.

Abin mamaki shi ne gajeren zamanin bai hana a raya sunansa ba. Ƙanensa Nyuserre ya faɗaɗa ɗakin bautar da tubalin laka, aka gina mayanka a gefe, kuma dubban guntayen takardun da aka gano a 1982 sun ambaci yanka shanu 130 a biki ɗaya na kwana 10. Wanda ya dubi wannan hidima kaɗai sai ya zaci sarkin ya daɗe, alhali Nyuserre ne ya daɗe.

Wannan ma'auni shi ya kamata a ɗora a kan Shepseskare, wani sarki wanda jerin sarakunan da aka samu a Sakkara ya sa kafin Neferefre kuma Maneto ya ba shi shekara 7. Verner yana ganin bayan Neferefre ya zo, kuma 'yan watanni kawai ya yi, yana dogaro da tambarin hatiminsa da aka samu a kan laka a sashe mafi tsufa na ɗakin bautar Neferefre, da wani fili a arewacin Abusir da aka share domin dala aka watsar. Hujjar tana da ma'ana, amma ba ta kai ta Neferefre ba, domin babu gawa, babu kwanan watan magini, kuma filin da aka share ɗin ba ya ɗauke da sunan kowa.