Wasalin da ya faɗi a hanyar ayari

Duk wanda ya ce Lahadi, Litinin ko Laraba ya yar da wasali ɗaya bai sani ba. A Larabci kowacce da "al" take farawa. Haka liman, lafiya, lahira da labari suke. Masana harshe suna kiran faɗuwar raunanan wasali daga goshin kalma "afesis". James Murray, editan ƙamusun Oxford, shi ya raɗa sunan a 1880, daga kalmar Girkanci mai nufin saki.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu ilimi a nan Damagaram suke ɗaukar wannan a matsayin gurɓataccen Larabci. Na sha jin ana gyara wa yaro bakinsa, ana nuna masa Bukar ba suna ba ne, sai dai Abubakar. Ban yarda ba. A takardar haihuwa a rubuta cikakke, amma Bukar ɗin da kakarsa ke kira shi ma yana da asali, kuma yana tuna mana daɗaɗɗiyar alaƙarmu da Barno.

A dubi mako guda kawai. Laraba ta rasa wasalinta, Alhamis da ke bi mata ta riƙe nata. Me ya sa? Masanin harshe Joseph Greenberg, a nazarinsa na 1947, ya nuna aron Larabci bai shigo Hausa a lokaci ɗaya ba. Akwai kalmomin da suka zo ta baki, akwai waɗanda malamai suka ɗauko daga rubutu. Larabawan Magrib, wato arewacin Afirka, da ma ba sa furta wasalin "al" a hirarsu. Damagaram, garin da ayarin Agadas ya riƙa sauka a Zangonsa kafin ya wuce Kano, shi ya fi cancanta ya gane wannan: kunnen kakanninmu abin da ya ji shi ya kama.

Don haka nake ganin malaman Hausa, tun daga firamare har jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, su daina koyar da darasin afesis da misalan Faransanci kaɗai. Su kuma zauna su raɗa masa suna namu. Ni "yanke-goshi" nake ba da shawara. Wani zai ce goshi ya fi wasali faɗi, kuma yana da hujja, domin a wasu kalmomin gaɓa sukutum ce ke faɗuwa. To, a kawo wanda ya fi shi, mu tattauna.