'Yan Bama ba 'yan dako ba ne

Wai har yau akwai mai ɗora hoton kakanninmu na yaƙin Bama ya rubuta a ƙasa cewa kaya kawai suka je ɗauka wa Turawa, mutane kuma suna ta turawa gaba. Wannan cin fuska ne ga matattu, kuma ƙarya ce.

Ku ɗauki birged ta 3 ta RWAFF, rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda Lugard ya kafa tushenta a 1897. Bataliya uku ce ta Nigeria Regiment: ta 6, ta 7 da ta 12, da yawansu 'yan Arewa, har Turawan da ke jagorantarsu sai da suka koyi Hausa. An cire su daga runduna ta 81 aka ba Janar Wingate, cikin dakarun Chindit, masu kutsawa su yi yaƙi a bayan layin abokan gaba. A Afrilun 1944 jiragen Dakota suka sauke su can bayan layin Japanawa, aka damƙa musu tsaron sansanin White City kusa da Mawlu, wanda ya toshe hanyar jirgin ƙasa daga Mandalay zuwa Myitkyina. Japanawa sun yi ta kawo hari dare bayan dare, suna ruwan igwa, suna mutuwa a jikin wayar ƙaya, ba su ƙwace wurin ba. Ɗan dako ake ba irin wannan amana?

Kowace bataliya an raba ta ayari biyu, kowane kusan mutum 400 da alfadarai. Abinci da harsashi daga sama ake jefo su da laima, in gajimare ya rufe ko abokan gaba sun riga su filin, sai yunwa. Da damina ta sauka a Mayu, cuta ta fi bindiga ɓarna: zazzaɓin cizon sauro, atuni, ƙafa ta ruɓe cikin takalmi don ba ta taɓa bushewa. Alfadarai suna zamewa a tsauni suna karyewa, dole kaya su koma kan mutum. Sun ɗauki kaya kam, da bindiga a kafaɗa, kuma sojan Ingila ma ya ɗauka.

Za a ce ai wannan rundunar ta Lugard ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Gaskiya ne, kuma wannan ciwo ne daban. Amma ba ya mai da saurayin da ya tsaya a rami a Mawlu shekara 41 bayan haka ɗan dako. Soja ne, an biya shi ƙasa da Bature, bai rage komai a aikinsa ba. Sunan barikin Chindit na Zariya daga nan ya fito.

Masu lambar yabo ta Burma Star a gida, don Allah ku daina sayar wa 'yan gwangwan. Ba a rubuta suna a jikinta, shaidar tana cikin littafin sallama mai lambar da ta fara da NA. Ku ɗauki hoton kowane shafi, ku nisanta shi da danshi da gara. Da irin wannan lambar ta NA ake neman sunan wanda bai dawo ba a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon.