Gilashin dutse mai aman wuta: na'ura kaɗai ba ta isa shaida ba

Idan narkakken dutse mai yawan silika (sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi) ya kwararo daga dutse mai aman wuta ya daskare da gaggawa, sai ya zama baƙin gilashi mai kaifin aska, wanda ake kira obsidiyan. A ido kusan duk kamarsu ɗaya. Sai an auna ake gane cewa kowace malala da nata gwargwadon sinadarai irin su rubidiyam, sitironiyam, zirkoniyam da bariyam.

Bambancin tun daga ƙarƙashin ƙasa yake farawa, daga irin dutsen da ya narke da kuma daɗewar da narkakken ya yi kafin ya fito. A wannan zaman ne ma'adinin feldisfa yake ƙanƙarewa, ya janye sitironiyam da bariyam, rubidiyam kuwa ya taru a cikin narkakken da ya saura. Wani lokaci narkakku biyu ne ke gauraya, ko narkakken ya cinye bangon dutsen da yake ratsawa.

A 1964 masu bincike Cann da Renfrew suka nuna cewa da wannan bambanci ana iya gano mahaƙar da mutanen dā suka samo gilashin da suka yi wuƙa da shi. Ta haka aka tabbatar cewa gilashin kogon Franchthi a Girka daga tsibirin Melos aka kawo shi, wato mutanen sun ƙetare teku fiye da shekara 10,000 da suka wuce. A Olorgesailie ta Kenya, binciken 2018 ya nuna ana ɗauko shi daga nisan gomman kilomita tun kimanin shekara 300,000 baya. Har yau wasu majeman ƙabilar Gamo a Habasha da shi suke kankare fata.

Inda nake da ja shi ne yadda ake ɗokin na'urar hannu mai haska dutse ta faɗi sinadaransa cikin 'yan mintuna. Tana da amfani, ba ta kuma lalata kayan tarihi. Amma dutse ɗaya kan yi aman wuta sau da yawa, kowane da nasa sinadari, kogi kuma kan kwashi gilashi ya kai shi nesa da tushensa. Wanda bai auna mahaƙun ba, da me zai gwada wuƙar da ya tono? A Habasha, inda mahaƙu suke da yawa, akwai kayan da har yanzu ba a san tushensu ba. Ni dai da za a bi ta tawa, kuɗin bincike ya fara tafiya wajen masu hawa duwatsu suna tattaro samfuri malala bayan malala, sayen na'ura ya biyo baya.