Na je Beijing neman ganuwa, na tarar da kwalta

Ina da wani aboki ɗan Kantin Kwari, zuwansa ƙasar Sin goma sha ɗaya. Fasfo ɗinsa ya cika da tambari har sai da aka sake masa wani. Rannan muna zaune a shagonsa na ce, Alhaji, wai duk zuwan nan da kake yi me ka gani a ƙasar? Ya ce ai Guanzu ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya san benen da ake samun leshi, ya san inda ake cin tuwo a unguwar Xiaobei, ya san mai loda masa kaya a kwantena. Na ce to Beijing fa? Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Malam, me ake sarowa a can?"

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya canji dala da tsada ya sayi tikiti ba kallo ne ya kai shi ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Tun muna yara muke jin "ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne" (malamai sun yi magana a kan ingancin wannan ruwaya, ba nan na dosa ba), sai ga shi yau Allah ya kai ƙafarmu ƙasar, mun tsaya a bakin kasuwa mun juyo. Daga Guanzu zuwa Beijing kilomita kusan 2,300 ne, amma jirgin ƙasansu mai gudun tsiya a awa takwas da 'yan kai yake cinye ta. Ka yi asuba a can, ka yi la'asar a nan.

Ni kwana shida na yi a garin, a ƙarshen Oktoba, sanyi ya fara cizo. Kamar kowane baƙo, da tsohuwar fadar sarakunansu na fara, wadda ake kira Haramtaccen Birni saboda shekaru kusan ɗari biyar talaka bai isa ya leƙa cikinta ba. Sarki Yongle na daular Ming ne ya sa aka soma ginin a 1406, aka gama a 1420, shekarar da ta biyo baya ya kwaso gadon mulki daga Nanjing ya dawo da shi nan. Wato a ƙarni ɗaya aka gina ta da Gidan Rumfa na Kano, ita ce dai ta riga shi da kimanin shekara sittin. Sarakuna 24 suka zauna a ciki, 14 na Ming, 10 na Qing. Faɗinta hekta 72, an zagaye ta da katanga mai tsayin mita 10, sannan da gwalalo cike da ruwa mai faɗin mita 52.

Lissafi ke nan, kuma lissafi ba ya gaya maka abin da ƙafarka za ta gaya maka. Ka shiga ƙofa ka tarar da fili fetal, babu ko bishiya ɗaya, ka yi ta tafiya har ka gaji, ka hau matakala ka shige wata ƙofar, sai ga wani filin da ya fi na baya. An yi ginin ne don kafin mutum ya isa gaban sarki ya riga ya ƙanƙance a idon kansa. Duk wanda ya taɓa bin soraye zuwa gaisuwa a fada ya san wannan dabarar, su dai nasu sun kai ta maƙura. Rufin kusan duka tangaran ne ruwan ɗorawa, launin da a lokacin aka keɓe wa sarki. Amma ni abubuwa biyu ƙanana ne suka fi riƙe ni. Na farko wasu manya-manyan randunan tagulla da ke jere a tsakar gida, na ajiyar ruwa ne saboda gobara, tunda ginin na katako ne. Da hunturu har wuta ake hura musu a ƙasa don kada ruwan ya daskare. Na biyu dokin ƙofa. Nasu masu tsayi ne, sai ka ɗaga ƙafa sosai za ka tsallaka, amma a wasu ƙofofin sai ka ga an yanke shi. Puyi ne, sarki na ƙarshe, wanda aka naɗa yana ɗan ƙasa da shekara uku, aka sauke shi a 1912 amma aka bar shi yana zaune a ciki har 1924. Keke ya samu, dokin ƙofa yana hana shi wucewa, ya sa aka sa zarto. Yaro yaro ne ko a gidan sarauta. A 1925 aka mai da gidan wurin adana kayan tarihi, yau da yuwan 60 na kuɗinsu kai ma za ka taka inda waziri ba ya takawa sai da izini.

Idan ka fita ta ƙofar arewa akwai wani tudu, Jingshan, da ƙasar da aka haƙo daga gwalalon aka tara shi. A nan sarkin Ming na ƙarshe ya rataye kansa a 1644 da 'yan tawaye suka ci garin. Na hau da yamma ina haki, na tsaya kamar yadda mutum yake tsayawa a kan Dala. Ga fadar shimfiɗe a ƙasa, rana ta bugi rufin yana ta walƙiya. Ga garin a miƙe sambal daga kudu zuwa arewa kamar an ja shi da zare. Sai na fara neman abin da idon Bakano yake nema idan ya hau tudu: ina badalar? Gari irin wannan, fada irin wannan, ina ganuwarsa?

Babu. Kuma wannan rashin shi ne abin da ya fi komai zama mini a kai, har ya sa na zauna rubuta wannan.

Da akwai ta. Ganuwar cikin birni kaɗai ta kai kimanin kilomita 24, ta ƙonannen tubali, samanta da faɗin da dawaki za su yi sukuwa. Ƙofofinta tara, kuma tsofaffin garin suna cewa kowace da aikinta. Ta Xizhimen ake shigo da ruwan shan fada daga wani marmaro a yammacin gari. Ta Fuchengmen raƙuma suke shigo da kwal. Ta Chaoyangmen hatsi yake shigowa. Ta Deshengmen mayaƙa suke fita. Ta Xuanwumen kuwa ake fitar da wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Ina jin wannan bayani ina tuna Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai, kowace da labarin da ya ba ta suna.

Bayan Mao, jagoran 'yan Kwaminis, ya tsaya a kan ƙofar Tiananmen ranar 1 ga Oktoba 1949 ya shelanta sabuwar ƙasa, sai tambaya ta taso: ina za a ajiye ma'aikatun gwamnati? Wani masanin gine-gine, Liang Sicheng, da abokin aikinsa Chen Zhanxiang suka kai shawara a 1950 cewa a bar tsohon birni yadda yake, a gina sabon mazaunin gwamnati a yamma da shi. Ganuwar kuma a mai da samanta wurin shan iska, a dasa furanni, a sa kujeru. Ba a saurare su ba. Aka ce ganuwa kayan mulkin mulaka'u ce, kuma tana tare hanya. Aka fara ɓantararta a shekarun 1950, da aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kankama daga 1965 aka bi sauran aka share. Yau inda ganuwar take, titin zobe na biyu ne a sama, layin jirgi na biyu a ƙasa. Ka shiga jirgin ka ji ana kiran tasha: Xizhimen, Fuchengmen, Chaoyangmen, Andingmen. Wannan "men" ɗin da ke ƙarshe ma'anarsa ƙofa. Ka sauka ka hau sama ka duba, gadar sama ce da motoci. Suna ya rage, mai sunan ya tafi.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta rage wa maganata ƙarfi: na ji daɗin jirgin nan. Tsaf-tsaf, ga araha, ba ka minti biyar kana jira. Gari mai mutum sama da miliyan 21 dole ya motsa, kuma wanda yake sauri ya kai matarsa asibiti ba ruwansa da tubalin Ming. Wannan hujja ce ta gaske, ita ce kuma ake kawo mana a gida duk lokacin da katafila ta doshi wata ƙofa. Abin da ya hana ni karɓarta hannu bibbiyu shi ne Xi'an, wani tsohon babban birnin nasu. Su sun bar tasu ganuwar, kusan kilomita 14, ga ta nan a tsaye ana hawan keke a kanta, kuma garin bai fasa samun tituna da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. Ashe ba dole ba ne. Gaggawa ce, da raina abin da aka gada.

Su kansu mutanen Beijing sun dawo suna cizon yatsa. Ƙofar Yongdingmen da ke can kudu, wadda aka rushe a 1957, sun sake gina ta a 2004, don layin nan mai kilomita 7.8 da na hango daga kan tudu ya samu mafari. A 2024 hukumar UNESCO ta sa layin cikin kayan tarihin duniya. Na je na ga ƙofar. Kyakkyawa ce, ba laifi. Amma tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, babu katanga dama babu hagu, kamar hula ba kai. Wanda ya ga ƙofofin Kano da aka sake zubawa da siminti ya san abin da nake nufi. Mu tamu badalar tun zamanin Sarki Gijimasu aka aza harsashinta, ta girmi ta Beijing nesa ba kusa ba, kuma mu ko jirgin ƙarƙashin ƙasa ba mu samu a madadinta ba. Filoti muka samu, da shaguna, da bola.

Wani abin da suka yi wanda ya burge ni shi ne Yuanmingyuan, lambun sarakunan Qing da sojojin Ingila da Faransa suka wawashe, sannan na Ingila suka banka wa wuta a 1860. Ba su sake gina shi ba. Sun bar ginshiƙan a kakkarye cikin ciyawa, ana kawo 'yan makaranta a sahu ana nuna musu.

Babbar Ganuwa ta kan duwatsu, wadda kowa ya sani, na je ta ɓangaren Mutianyu, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. A je a gani, ta cancanta, amma a tafi da gwiwa mai kyau. Zancen wai ana hango ta daga duniyar wata kuwa tatsuniya ce. A can ne wata tsohuwa da jikanta suka roƙe ni da hannu in tsaya su ɗauki hoto da ni, daga nan wasu suka taso, sai da na zama kamar ango.

Inda na fi sakewa shi ne lungunan tsohon gari da suke kira hutong. Gidaje ne marasa bene na tubali ruwan toka, ɗakuna huɗu sun kewaye tsakar gida. Da ka leƙa ƙofa sai ka ci karo da wata 'yar katanga da ta tare ido, sai ka karkata kafin ka shiga. Na ce ikon Allah, ai wannan aikin zaure ne. Tsofaffi na zaune a bakin ƙofa suna dara irin tasu, ga tsuntsu a keji, ga kabeji an jera a jikin bango ana tanadin sanyi. Su ma an rushe da yawansu, wasu kuma an mai da su kantunan sayar da tsaraba, waɗannan ba su da daɗin shiga.

Ranar Juma'a na nufi Niujie, unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui. Masallacin tun shekarar 996 yake. Daga waje ba za ka ce masallaci ba ne, babu ƙubba, rufinsa mai lanƙwasa irin na sauran gine-ginensu, sai ka shiga ka ga ayoyi an rubuta da wani salo kamar da burushi. Akwai 'yar hasumiyar duban wata, akwai kaburburan wasu malamai biyu baƙi da suka rasu tun ƙarni na 13. Na yi alwala na shigo, jikina da kansa ya juya yana neman gabas, wani dattijo mai farar hula ya kama hannun rigata ya juyo da ni. A Beijing alƙibla yamma take. Bayan an idar muka yi musabaha, ba na jin yarensa ba ya jin nawa, sai sallama da murmushi. A titin na ci naman rago da ake yankawa siriri kamar takarda, ka tsoma a tafasasshen romo ka ciro. Sai dai kada in yi muku kwalliyar da ba ta nan. Tun 2019 hukuma ta sa aka cire rubutun Larabci daga allunan gidajen abincin halal na garin, a wasu wuraren har ana ganin tabon inda aka kankare. Labarin Musulmin Uigur na Xinjiang kuma ba ɓoyayye ba ne. Masallacin a buɗe yake, amma ka san akwai ido a kansa.

Ido kam yana ko'ina. Kyamara a kowace kwana, ana duba jaka kafin ka shiga tashar jirgi, dandalin Tiananmen sai ka yi rajista ka nuna fasfo, murƙushe masu zanga-zanga da aka yi a 1989 kuwa ba a zancensa. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki. Kuɗin hannu sun kusa zama tarihi, ko mai gasa dankali ta manhajar waya, Alipay ko WeChat, yake karɓa. Tikitin fada sai an saya ta intanet tun da kwanaki, kuma ba a buɗewa ranar Litinin. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne, kada ma ka soma, ko wurin sa ƙafa ba za ka samu ba.

Ranar da zan taho na je kudu maso gabashin tsohon birnin, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda wani guntun ganuwar ya tsira, kimanin kilomita ɗaya da rabi. Da za a gyara shi a shekarun 1990 sai aka rasa tubalin asali, aka yi shela cewa duk mai tubalin ganuwa a gidansa ya taimaka ya dawo da shi. Mutane suka riƙa ɓamɓarowa daga jikin madafi da katangar tsakar gida, suna kawowa a bayan keke. Na bi jikin bangon ina shafawa, wani tubalin ya yi baƙi, wani gefensa ya gutsure, ba su ma daidaita da juna ba.

Da na dawo na nuna wa Alhaji hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsu ya buɗa shi, sannan ya ce shi ma ɗakin kakarsa a cikin gari da ƙasar badala aka yaɓe shi, yana yaro da shi aka ɗebo a kan jaki. Ya miƙo mini wayar, ya tambaye ni nawa ne kuɗin jirgin daga Guanzu.