Yaro ɗan shekara 15 ba akwatin tafiya ba ne

Duba jadawalin matashin ɗan tenis da ake ji da shi ka gani. Disamba yana Florida wajen gasar matasa ta Orange Bowl, Janairu ya dira Melbourne cikin wannan zafin na Ostireliya, kafin ka ce kwabo an wuce da shi Turai gasannin da ake bugawa a filin jar ƙasa. Iyaye da koci sai murna, makin matsayinsa a jerin 'yan wasa na ƙaruwa, ni kuwa jikin da bai gama girma ba nake tausayi.

Gasa fa ba ta gina jiki, cinsa take yi. Ƙarfi da tsoka a makonnin da yaro ya zauna wuri ɗaya ake samunsu, yana atisaye, yana cin abinci a kan lokaci, yana barci. To wanda ke kwanan otal fa? Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci mai nauyi jiki ya fi sakin sinadarin girma, amma tsakanin Florida da Melbourne bambancin awa 16 ne a Janairu, ƙarfe uku na dare idonsa biyu yana kallon silin yana danna waya, da safe kuma a kira shi fili ƙafafu kamar an ɗaura musu dutse.

Kuma tenis wasan ɓangare ɗaya ne. Ka kalli hannun da ke riƙe raket, ya fi ɗayan kauri, har ƙashin ma. Atisayen da ke daidaita wannan, na kafaɗa da ƙugu, shi ake fara yarwa idan tafiya ta yi yawa, wai kar ya gaji kafin wasan gobe. Daga nan sai ciwon gwiwa, sai tsagewar ƙashin baya saboda lanƙwasar da ake yi wajen sabis, wato bugun fara wasa.

Na san za a ce in bai fita ba wa zai san shi. Haka ne. Amma WTA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tenis mata, da kanta ta ƙayyade yawan gasar 'yan mata ƙasa da shekara 18 tun 1995, bayan Jennifer Capriati da ta shiga sahun ƙwararru tana 13 ta ajiye raket na wani lokaci tana 17. Dokar ba ta hana Coco Gauff doke Venus Williams a babbar gasar Wimbledon a 2019 tana 15 ba.

Da ɗana ne, bayan mako uku a hanya sai ya yi wata guda bai ga filin jirgi ba, makin ya zube in zai zube.