Maijego da jarrabawar NCLEX karo na biyu: kwana 45 ba wa'adi ba ne

Duk nas ɗin da ta faɗi NCLEX, wato jarrabawar da ke ba da lasisin aikin jinya a Amurka, doka ta ce sai ta jira aƙalla kwana 45 kafin ta sake zama. Abin da ke damuna shi ne yadda mata da yawa ke ɗaukar kwanakin nan kamar wa'adin biyan bashi. Ta faɗi da tsohon ciki, ta haihu bayan mako biyu, sai ka ji ta kama ranar sake zama tun ba ta gama arba'in ba. In ka tambaye ta, ta ce tsoro take kada karatun ya gudu daga kanta. 'Yar'uwa, kwana 45 mafi ƙarancin jira ne. Babu wanda ya ce ki koma rana ta 46, kuma a ganina maijego da ta yi haka ta ɗauki dala 200, kuɗin rajistar jarrabawar, ta zuba a rijiya. Sauri ya haifi nawa.

Ki fara sanin abin da ya kayar da ke. Duk wadda ta faɗi, hukumar jinyar jihar da ta nemi lasisi a cikinta tana aika mata da takardar da ake kira CPR. Mata da yawa ba sa ko buɗe ta saboda takaici, alhali ita ce abu mafi amfani da faɗuwar ta bar musu. Takardar tana bin fannoni takwas na jarrabawar ɗaya bayan ɗaya, tana nuna inda kika haura layin ci, inda kika kusa, da inda kika yi ƙasa. Fannonin kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. A tsarin da ya fara aiki a Afrilun 2023, fannin tsara kula da majinyata da rabon aiki yana ɗaukar kashi 15 zuwa 21 cikin ɗari na tambayoyi, magunguna da ƙarin ruwa kashi 13 zuwa 19, yadda jiki ke sauyawa cikin ciwo kashi 11 zuwa 17, kariya da hana yaɗuwar cuta kashi 10 zuwa 16. Idan takardarki ta nuna kin yi ƙasa a rabon aiki da magunguna, to kusan kashi ɗaya bisa uku na jarrabawar ne ya zame miki, kuma nan ne 'yan awannin da jariri zai bar miki ya kamata su tafi. Ɗauko ƙaton littafi a fara daga shafi na ɗaya aikin mai lokaci ne. Maijego ba ta da shi.

Akwai kuma abin da ke kayar da 'yan'uwanmu da suka yi karatu a Najeriya ko Gana, waɗanda hannunsu ya faɗa a aiki shekara da shekaru. A asibitocinmu nas ɗaya ce ke yin komai, ta sa allura, ta auna hawan jini, ta gyara gado, don babu wanda za ta miƙa wa. NCLEX kuwa tana tambaya ne a kan asibitin da ke da cikakkun ma'aikata, tana so ta ji wane aiki za ki ba ƙaramar nas, wane za ki ba mataimaki marar lasisi, wane ne kuma ba ya barin hannunki. Binciken farko na majinyaci, koyar da shi, yanke hukunci a kan ko magani ya yi aiki, da kula da wanda yanayinsa ke sauyawa, duk naki ne. Mai amsawa da abin da ta saba yi a ɗakin majinyata arba'in za ta riƙa faɗuwa a nan, ko da ta fi kowa iya aiki. Ga kuma sunaye: farasitamol ɗinmu a can acetaminophen ne, salbutamol albuterol ne, adrenaline epinephrine ne. Sukarin jini da mg/dL ake auna shi, nauyin yaro kuma yana iya zuwa da fam, sai kin raba da 2.2 ki samu kilo kafin ki lissafa magani. Waɗannan abubuwa ne da ake iya gyarawa cikin mako biyu, in an san su ne matsalar.

Yanzu ga jaririn. A makonnin farko yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Barcinsa yana da yawa, amma gutsi-gutsi ne. Kukansa kuma ƙaruwa yake har ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, sannan ya fara lafawa zuwa wata na uku ko na huɗu. Ki lura da wannan lissafi da kyau: wadda ta faɗi dab da haihuwa ta kuma kama rana ta 46, ta ajiye jarrabawarta daidai lokacin da yaro ya fi kuka, ita kuma ta fi kowane lokaci rashin barci. Idan aiki aka yi mata, ko ɗinkin bai gama warkewa ba. NCLEX kuwa ba jarrabawar hadda ba ce. Tana ba ki labarin majinyaci guda uku, kowanne da tambayoyi shida, tana so ki tsamo alamar da ke da muhimmanci daga cikin tarin bayanai, ki ce me ya fi gaggawa, ki ce me za ki yi. Irin wannan tunani shi ne abu na farko da rashin barci ke cinyewa. Mace ta san amsa sarai, amma idonta ya tsallake kalmar "da farko" ko "banda" a cikin tambaya.

Shi ya sa nake cewa a fara da tsarin barci kafin tsarin karatu. Abin nema shi ne awa huɗu zuwa biyar a jere sau ɗaya a dare, ba tare da an tashe ki ba. Wannan ba ya samuwa sai wani ya karɓi shayarwa ɗaya da nonon da kika tatsa, kuma ba a fara shi sai nono ya daidaita, wajen mako huɗu zuwa shida, don tsallake shayarwa da wuri na sa nono ya cika ya yi tauri, har ya kai ga kumburi da zazzaɓi. A gida, maijego tana da uwa ko gwaggo a ɗaki, ga kunun kanwa, ga mai karɓar yaro da asuba. A Houston ko Atlanta sau da yawa daga ita sai maigida, shi ma yana aikin dare. To maganar tana kanka, maigida. Lasisin nan na gidanku ne gaba ɗaya. Cewa "Allah ya ba da sa'a" kana juya baya kana barci bai isa ba. Ka karɓi yaro daga bayan isha'i zuwa ƙarfe ɗaya, ko ka nemo wadda za ta zo yini biyu a mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga yadda zan raba lokacin in an tambaye ni. Mako shida na farko na jego ne. Kada ki ɗora wa kanki komai fiye da tambayoyi goma a waya lokacin shayarwa, in kin ji za ki iya, in ba za ki iya ba ki bari. Daga mako na bakwai ki fara da tambaya 25 a rana, kashi biyu, ɗaya da safe bayan yaro ya sha ya kwanta, ɗaya da rana. Bayan mako biyu ki kai 40. Tambaya 40 sau kwana shida a mako, tsawon mako takwas, ta kama 1,920, kuma wannan ya ishi wadda ta riga ta yi karatun sau ɗaya. Amfanin ba a yawan yake ba, a karanta dalilin amsa yake. Duk tambayar da kika faɗi, ki rubuta layi ɗaya a ƙaramin littafi: ban san abin ba ne, ko na sani na yi gaggawa, ko na rage biyu na zaɓi marar kyau? Bayan mako biyu littafin zai nuna miki cutarki. Idan yawancin layukan na cewa "na sani na yi gaggawa", ƙarin karatu ba zai yi maganin komai ba, barci kike bukata. Ma'ajiyar tambayoyi ɗaya ta isa. Masu sayen uku suna tsalle tsakaninsu ba sa gama ko ɗaya.

Wani abu da nake roƙo da babbar murya: kada ki yi karatun dare a kan kushin da jariri a ƙirjinki. Ke nas ce, kin san kushin da kujerar hutawa suna cikin wurare mafi haɗari da jariri zai yi barci tare da babba, domin yana iya zamewa fuskarsa ta toshe. Gajiya ba ta sallama. In kin ji idonki na nauyi, ki kwantar da shi a bayansa a kan shimfiɗarsa, sannan ki ɗauki waya. Shan kofi kuma, kofi biyu a rana ya isa, fiye da haka yana bin nono ya hana yaron barci, ki koma gidan jiya.

Karatun minti ashirin-ashirin yana da illa ɗaya: ba ya koya wa jiki dogon zama. Jarrabawar tana iya tsayawa a tambaya 85, tana iya kaiwa 150, lokacinta awa biyar. In an raba, minti biyu ke nan kowace tambaya. Saboda haka a wata na ƙarshe, sau ɗaya a mako, ki bar gidan. Ki je laburare ko gidan wata 'yar'uwa, ki zauna ki amsa 85 a jere, babu waya, babu kukan yaro. Wannan zaman yana gwada abu uku lokaci guda: ƙarfin hankalinki, ko yaron zai karɓi fida, wato kwalbar shayarwa, daga hannun wani, da kuma awa nawa nononki ke jurewa. Gara ki gano yaro ya ƙi fida saura mako huɗu da ki gano a daren jarrabawa. A fara saba masa da ita tun yana wajen wata ɗaya, kuma wani ne zai ba shi, don in yana jin ƙamshin uwarsa ba zai yarda ba.

Batun takardu yana da tarko. Sake zama na nufin ki sake neman izini daga hukumar jihar, ki biya kuɗinsu, ki sake rajista da Pearson VUE, kamfanin da ke kula da cibiyoyin jarrabawar, dala 200, sannan a turo miki sabuwar takardar izinin zama da ake kira ATT. Takardar nan tana da ranar mutuwa, yawanci wajen kwana 90, kuma ba a ƙara ta don an haihu. In ta mutu, sai sabon biya. Don haka kada ki yi rajista ranar da kika ji zafin faɗuwa. Ki lissafa baya daga ranar da kike son zama. Ki kuma duba dokar jiharki. Ƙungiyar NCSBN mai jarrabawar ta yarda da zama har sau takwas a shekara, amma jihohi na da nasu. A Florida, wadda ta faɗi sau uku sai ta yi kwas na gyara kafin a bar ta ta sake. Mai zama a wajen Amurka, kamar masu tafiya Afirka ta Kudu daga Najeriya, tana biyan ƙarin dala 150 ban da biza da jirgi da masauki, ga tambayar wa zai riƙe yaron a can. Ita kam bai kamata ta kama rana ba sai gwajinta na gida ya nuna ta shirya.

Ranar jarrabawa ba a shiga da yaro, babu kuma inda za ki ajiye shi a cibiyar. Akwai hutu bayan awa biyu, da wani bayan awa uku da rabi, amma agogo ba ya tsayawa. Idan kina bukatar lokacin tatsa na musamman, hukumar jihar ake roƙa tun lokacin neman izini, ba ma'aikacin cibiya da safiyar ranar ba. Ki lissafa tafiya, da minti 30 da ake so ki iso da wuri, da awa biyar: rabuwar awa bakwai ke nan ko fiye. Ki bar shayarwa huɗu, kowacce mililita 90 zuwa 120, a ƙananan mazubi don kada a ɗumama da yawa a zubar. Nonon da aka tatsa yana awa huɗu a ɗaki mai sanyi, kwana huɗu a firij, wata shida a firiza cikin inganci. Wanda aka narkar a firij a yi amfani da shi cikin awa 24, ba a kuma mayar da shi firiza. Ki tatsa a mota dab da shiga, ki sa abin tare ɗigon nono cikin rigar mama. Ki duba sunan da ke katin shaidarki ya dace da na rajista harafi da harafi, musamman in kin sauya suna bayan aure, don wannan kaɗai yana sa a mayar da mutum gida kuɗinsa ya tafi. In yaro ya kwana da zazzaɓi, sauya rana kyauta ne muddin an yi shi aƙalla awa 24 na ranar aiki kafin lokacin. Bayan haka kuɗin ya ƙone.

A cikin ɗakin, in kin wuce tambaya ta 85 kwamfuta ba ta tsaya ba, hakan na nufin har yanzu ba ta yanke hukunci ba, kina cikin fage. Masu zama karo na biyu a nan zuciyarsu ke karyewa, su fara danna amsa don su koma wa yaro. Ki ɗauki hutun, ki sha ruwa, ki dawo ki ci gaba da minti biyunki.

Saura abu ɗaya da nas ke gani a jikin kowa ban da nata. Faɗuwa jarrabawa da jego in suka haɗu, suna iya rufe ciwon damuwa na bayan haihuwa. Kuka da sauyin rai na kwanakin farko kan wuce cikin mako biyu. In ya zarce, kina kasa barci ko yaro ya yi barci, abinci ya fita ranki, kina jin ba ki da amfani, ko wani mugun tunani na zuwa miki game da kanki ko yaron, wannan ba takaicin NCLEX ba ne. Ki faɗa wa likitarki, a yi miki gwajin tambayoyi goma na Edinburgh, a kuma duba jininki, don wadda ta zubar da jini a haihuwa kan yi fama da kasala da mantuwa har sai an cike mata ƙarfen jini. Mai tunanin cutar da kanta a Amurka ta kira 988 a take, dare ko rana. Littafin tambayoyi ya jira a kan tebur har likita ta gan ki.