Ina tunanin komawa aikin jinya

Labarin ƙarancin ma'aikatan jinya a karkara ya taɓa ni. Shekara 7 ina koyarwa a Tahoua bisa kwantiragi, yanzu zuciyata ta karkata ga aikin jinya. Na tambaya: mai bak (shaidar gama sakandare) shekara 3 zai yi, a ENSP (makarantar kiwon lafiya ta gwamnati) ta Yamai ko Damagaram, ko a makarantun kuɗi. Karatun aji ba ya ba ni tsoro, sitaj ɗin ne, wato koyon aiki a asibiti. Ƙanwata ta yi shi: kwanan gadi, wanke gyambo, neman jijiyar yaron da zazzaɓin cizon sauro ya busar da shi, uwarsa tana tsaye a kanka. Ta dawo gida ko tuwo ba ta iya ci. To, shekara 3 ba albashi, wa zai riƙe mini iyali?